A FARA SANIN KIFI KAFIN A SAYI ƘUGIYA

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ajin 1978 ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



Lokacin da Sakatare ya aiko mini da takarda cewa ni aka ɗora wa nauyin jawabin bana, ya rubuta cewa kwamiti yana so in yi magana a kan zaman mutum bayan ya bar aikin gwamnati. Na mayar masa da amsa cewa na karɓa, amma a kan fatsa zan yi magana, wato kamun kifi da sanda da zare da ƙugiya. Bai yi wata-wata ba ya bugo mini waya yana tambaya ko lafiya nake. Na ce masa lafiya ƙalau, kuma fatsar nan tana cikin abubuwan da suka dawo mini da lafiyar. Saboda haka ina roƙon malamanmu su yi haƙuri su saurari ɗalibinsu, 'yan ajinmu kuma na can baya, waɗanda na ga tuni sun fara ƙus-ƙus kamar yadda suka saba tun muna aji ɗaya, su adana dariyarsu, domin akwai wurin da za su buƙace ta nan gaba kaɗan.

Kamar yadda yawancinku suka sani, ni mutumin Sabon Birni ne ta ƙasar Gwarzo. Muna yara, ruwan da muka sani bai wuce rijiya da kududdufi da rafin da kan kawo da damina ya ƙafe da rani ba. Kifi kuwa busasshe muka fi sani, wanda ake kawowa ranar kasuwa. Daga zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka shiga aikin datse ruwa gadan-gadan. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Watari da ke Bagwai a 1980, ta Challawa da ke Ƙaraye a 1992. A nan kusa da mu ga Guzuguzu, ga Magaga, ga Kusalla. Yau mutumin Gwarzo ko Kabo, duk inda ya fuskanta, ba zai yi tafiyar awa guda a mota bai tarar da babban ruwa ba. Amma in na ce duk wanda ya taɓa kama kifi da hannunsa a ɗaya daga cikin waɗannan ruwaye ya ɗaga hannu, na tabbata ba za mu cika goma ba a zauren nan. Mun ɗauka su sana'ar gado ce ta masunta, ɗan boko ba ruwansa da ita sai dai ya saya ya kai gida.

Ni ma haka na ɗauka, har shekarar 1994 da aka tura ni wani kwas na binciken kuɗi a Edinbara ta ƙasar Sikotland. Wata Asabar aka fita da mu yawon buɗe ido bakin kogin Tuwid. A can na ga wani dattijon Bature tsaye cikin ruwa har gwiwa, yana kaɗa wata siririyar sanda gaba da baya, zare yana tashi sama yana miƙewa kamar bulalar makiyayi, sa'an nan ya sauka a kan ruwa a hankali. Abin ya burge ni ƙwarai. Kafin in dawo gida na matse bakin aljihuna, na rage tsarabar iyali, na sayi irin wannan sanda da zarenta da kwarkwaron naɗe zaren, da wani ɗan akwati cike da ƙananan ƙugiyoyi da aka yi wa ado da gashin tsuntsu. Mai kantin ya tambaye ni wane irin kifi zan kama. Na ce masa kifin Afirka. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ba ni abin da yake sayar wa kowa. Na kawo kayan nan gida na sa a ƙasan adaka, suka shekara 24 ba su ga ruwa ba.

A 2018 na cika shekara 35 ina aiki, na yi ritaya na koma Sabon Birni. Wanda bai kai nan ba tukuna, to, ya saurara da kyau. Watanni uku na farko hutu ne. Daga nan sai ka ga wayarka ta yi shiru, masu sallama da kai da sassafe sun ɗauke ƙafa, haƙƙinka kuma ana ta ce maka jeka ka dawo. Na wayi gari ba ni da aikin yi sai zaman dakali da sauraron rediyo da faɗa da jikoki a kan abin da bai kai ya kawo ba. Barci ya ƙaurace mini. Da na je asibiti likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, ya ba ni magani, ya kuma ce lallai in sami abin da zai riƙa fitar da ni daga gida ina tafiya da ƙafa. A cikin shekara guda muka binne 'yan ajinmu biyu, kuma duka biyun bayan sun bar aiki ne da ɗan lokaci kaɗan. Allah ya jiƙansu. Wannan ya tsorata ni. Uwargida ce ta tuna mini da sandar nan, ta ce tunda dai kuɗin atamfarta ne aka saye ta da shi, ko sau ɗaya a kawo mata tarwaɗa ta yi farfesu.

To, ga wurin dariyar. Na ɗauki kayana na nufi Guzuguzu, sanye da malafa da takalmin roba. Na tsaya a gaɓa na fara kaɗa sanda kamar yadda na ga Baturen nan yana yi. Wurgin farko ƙugiya ta kama malafata. Na biyu ta kama reshen bagaruwa da ke bayana. Kafin azahar yara sun taru sun fi ashirin, wasu na cewa mai auna ruwa ne gwamnati ta turo, wasu na cewa aljanu nake kora. Na yi mako uku ina zuwa, ko ɗan kifi guda ban kama ba. A gefena kuwa wani yaro da bai wuce shekara goma ba, da karan dawa da guntun zare, kullum sai ya koma gida da karfasa biyar ko shida a tsinke.

Ranar da na yanke shawarar mayar da kayan cikin adaka, sai wani dattijo masunci da ke gyaran kallinsa a gindin bishiya ya yafuto ni. Na je na durƙusa muka gaisa. Ya karɓi sandar ya jujjuya, ya shafa zaren, ya buɗe akwatin ya daɗe yana kallon ƙugiyoyin. Sa'an nan ya ce, "Alhaji, wane kifi ka zo nema?" Na ce, "Baba, kowane iri Allah ya ba ni." Ya ce, "Shekarata sittin a bakin ruwa, ban taɓa ganin kifi mai suna kowane iri ba." Na ce to, tarwaɗa nake so. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Tarwaɗa tana ƙasa cikin laka, da dare take kiwo, da gashin bakinta take laluben abinci. Kai kuma ka zo da rana tsaka kana ajiye mata gashin kaza a saman ruwa. Ko ƙanwar babanka ce ba za ta hau ta same ka ba."

Jama'a, wannan ita ce maganar da na zo da ita yau, sauran duk bayani ne. Wanda zai fara fatsa, ya fara sanin kifin da yake nema: ina yake zama a cikin ruwa, me yake ci, da wane lokaci, yaya girman bakinsa, yaya ƙarfinsa. Amsar waɗannan tambayoyi ita za ta faɗa masa sandar da zai riƙe, da kaurin zare, da girman ƙugiya. Ni na yi abin a baibai. Na sayi kaya, sa'an nan na tafi neman kifin da zai dace da su.

Bari in ɗan yi bayanin irin fatsar da na gani a Sikotland, domin a san inda na ɓata. A fatsarmu ta gida, nauyin dalma da na abincin da ke jikin ƙugiya shi ke jan zare ya kai shi nesa. A waccan kuwa babu dalma, babu tana. Ana ɗaure gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, ni ƙwaron gashi nake kiran abin. Tunda ba shi da nauyin da za a iya jifa da shi, sai aka sa nauyin a jikin zaren kansa. Zaren mai kauri ne, an lulluɓe shi da roba, a ƙarshensa kuma akwai wani siriri marar launi mai tsawon kamar mita biyu da rabi, wanda kifi ba ya gani sosai. Zaren ake wurgawa, shi kuma ya ɗauki ƙwaron ya kai. Dabarar tsohuwa ce, domin wani marubuci ɗan Rum mai suna Eliyan, wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke naɗa jan ulu da gashin zakara a ƙugiya suna yaudarar kifi da shi.

Su ma masu wannan fatsa ba da ka suke sayen kaya ba. Tun farkon shekarun 1960 masu ƙera kayan fatsa a Amurka suka tsayar da ma'auni guda: ana auna nauyin ƙafa 30 na farkon zaren, wato kamar mita 9, a ba shi lamba. Zare mai lamba 5 yana da nauyin kusan giram 9, mai lamba 8 kusan giram 14, mai lamba 12 kusan giram 25. Kowace sanda an rubuta lambar zaren da ya dace da ita a kusa da mariƙinta. Ƙaramar lamba ta ƙaramin kifi ce da ƙaramin ƙwaro, babbar lamba ta babban kifi. Tawa lamba 5 ce, tsawonta ƙafa 9, an yi ta domin wani kifin ruwan sanyi da ake kira tirawut, wanda ke cin ƙwari a ruwa garai-garai da ake hango ƙasansa. Ka ga ai ba ta da laifi. Mai ita ne ya kai ta inda ba a gayyace ta ba.

Na yi wata shida ina bin dattijon nan kamar almajiri. Ga kaɗan daga abin da na koya, kifi bayan kifi.

Na farko karfasa, wadda wasu ke kira gargaza. Ita ta fi yawa a madatsunmu, kuma da ita ya kamata mai koyo ya fara. Tana son gefen ruwa marar zurfi, kusa da ciyawa, inda rana ke ɗumama ruwan. Yawancin abincinta gansakuka ne da ƙananan halittun ruwa, amma tana karɓar guntun tana ko gara ko ɗan curin dusa. Bakinta ƙarami ne. A nan sai a lura, lambar ƙugiya a juye take, in lamba ta hau ƙugiya ta ƙanƙance. Lamba 12 ƙarama ce, lamba 4 babba ce, in an wuce lamba 1 kuma sai a shiga 1/0 da 2/0, waɗanda su girma suke ƙarawa. Karfasa lamba 10 zuwa 14 take so, da siririn zare mai ɗaukar kilo 2 ko 3. Wanda ya sa mata babbar ƙugiya, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, za ta tsattsage tanar ta bar masa ƙarfensa.

Na biyu tarwaɗa. Kamar yadda Baba ya faɗa, kifin ƙasa ce, ta fi kiwo daga faɗuwar rana zuwa asuba, kuma ƙamshi da taɓi take bi fiye da gani. Tana da wata halitta a saman gaɓoɓin numfashinta da ke ba ta damar shaƙar iska, shi ya sa take rayuwa a ruwan da ya ƙazantu ko ya kusa ƙafewa, shi ya sa kuma take daɗewa ba ta mutu ba bayan an fito da ita. Ita sai ƙugiya lamba 4 zuwa 2/0, da zare mai ɗaukar kilo 7 zuwa 10, da dalmar da za ta kai abincin ƙasa, da sanda mai ƙwari. Abincinta dunƙulen tana, ko hanjin kaza, ko yankan ƙaramin kifi. Ragon ruwa ma kusan kayan nan yake so, sai dai ya fi son wuri mai zurfi kuma ya fi karkata ga ƙaramin kifi.

Na uku ƙurungu. Shi ma a ƙasa yake, bakinsa ƙarami yana fuskantar ƙasa, ƙugiya lamba 8 da tana sun ishe shi. Abin kiyayewa a gare shi ƙayoyinsa uku ne, ɗaya a gadon baya, biyu a gefe, waɗanda yake miƙewa su ƙage da zarar an taɓa shi. Na yi kwana huɗu ban iya riƙe alƙalami ba saboda na damƙe shi kamar na damƙi mangwaro.

Na huɗu kawara. Ita a saman ruwa take yawo cikin garke, idonta a sama, duk ƙwaron da ya faɗo ta cafke. Ku riƙe sunanta, zan dawo kanta.

Akwai kuma manya waɗanda mai koyo zai ji labarinsu ya yi sha'awa. Tsage, wanda ake samu a manyan ruwaye irin su Neja da Binuwai da tafkin Kainji, haƙoransa kamar allurai suke, yana datse zaren roba nan take, dole sai an haɗa guntun waya tsakanin zare da ƙugiya. Giwan ruwa kuwa yana iya wuce kilo 100. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, kifin da ya ci gasar 2005 kilo 75 ne. Su 'yan Argungu da koma da gora suke shiga Matan Fada, kayan da kakanninsu suka daidaita da wannan ruwa da wannan kifi. A kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai kusa da iyakar Jihar Adamawa, baƙi daga Turai da Afirka ta Kudu sukan zo su kama giwan ruwa da ƙwaron gashi cikin dare, amma da sanda lamba 12 da ƙwaro mai tsawon tafin hannu. Ko'ina ka duba, ƙa'idar guda ce.

Na san darasin nan da baki, amma sai da na biya kuɗin makaranta kafin ya zauna mini. Wata rana da magariba ta gabato, ƙyuya ta hana ni komawa mota in ɗauko sandar gora, sai na ɗaura babbar ƙugiya da hanjin kaza a sandar Sikotland. Ba a jima ba wata tarwaɗa ta ɗauka. Sandar ta lanƙwashe kamar baka, na ja, ta ja, sai na ji ƙas! Kan sandar ya karye, zare ya tsinke, kifi ya tafi da ƙugiya a baki. Na yi asarar kan sanda, kifin kuma na bar shi da wahalar da ba ta amfani kowa ba. Baba bai ce mini komai ba, sai dai washegari ya taimake ni muka ɗore karayar da guntun ƙarfen lema da zare da gam. Har yau tana aiki, ta dai rage tsawo da kamar ɗani guda.

Yanzu in koma kan kawara. A farkon daminar 2019, washegarin wani babban ruwa, muna bakin Challawa da yamma sai shinge ya tashi. Iska ta riƙa kaɗo shi kan ruwa. Nan da nan fuskar ruwan ta ɗauki ɓal-ɓal kamar tukunya na tafasa. Baba ya dube ni ya ce, "Alhaji, ina gashin kazar nan naka? Yau ranarsa ce." Na zaɓi wanda ya fi kama da shinge a girma da launi, na wurga. Bai gama sauka ba aka fizge shi. Kafin duhu na kama kawara 17. Yaran da suka saba yi mini dariya suka yi tsit, shi kuwa dattijon ya karɓi sandar ya gwada da kansa. Shekara 25 kenan bayan sayenta ta sami kifin da ya dace da ita. Daga baya na gane karfasa ma takan ɗauki ƙaramin ƙwaron gashi da ke nutsewa a hankali kusa da ciyawa, musamman in ruwa ya kwanta ya yi haske. Ƙwarin da na zo da su daga Turai sun ƙare tuni. Yanzu da kaina nake ɗaurawa, da gashin zabo da na wuyan zakara da zaren ɗinki, kuma sun fi na kanti kamu, domin ina duban ƙwaron da ke bakin ruwan ne in kwaikwaya.

Ga wanda ke son farawa, shawarata ita ce kada ya yi irin tawa. Ya sami sandar gora siririya mai tsawon kamar mita 3, da zaren roba iri biyu, siriri da mai kauri, da ƙugiyoyi lamba 12 da 8 da 4, da 'yar dalma, da guntun tsohon silifa ko busasshen kara da zai ɗaura a zare ya riƙa yawo a saman ruwa, in ya nutse ya san an taɓa. Duk wannan bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba. Ya koyi ƙulli guda mai kyau, ya riƙa jiƙa zaren da yawu kafin ya ja ƙullin, domin busasshen zaren roba yana raunana in an matse shi. Ya fita da sassafe ko da la'asar sakaliya. Ya zauna shiru, kada inuwarsa ta faɗa kan ruwa, domin ba banza ba Bahaushe ya ce kifi na ganinka mai jar koma. Ya yi damina guda da rani guda a haka. In bayan nan ya ga yana sha'awar ƙwaron gashi, sanda lamba 5 ko 6 ta ishe shi kawara da karfasa. Ya fara koyon wurgi a filin ƙwallo, da guntun ulu a maimakon ƙugiya. Sirrin wurgin shi ne in ka kai sanda baya ka tsayar da hannu daidai kunne, ka ɗan jira zare ya miƙe a bayanka, sa'an nan ka turo gaba. Gaggawa ce ke sa zare ya cukurkuɗe. Kuma ya sa tabarau da hula, domin ƙugiya ba ta san ido ba.

Ranku ya daɗe malamanmu, akwai ɓangaren maganar nan da ya fi lafiyata da nishaɗina muhimmanci. Duk masuncin da na zauna da shi, kukansa ɗaya ne, kifi yana raguwa kuma yana ƙanƙancewa. Na ga dalili da idona. Na ga an ja gidan sauro a gefen ruwa, wanda aka raba domin kare yara daga zazzaɓi, an kwaso 'ya'yan kifi da ba su kai ɗan yatsa ba, an shanya su a rana. Na ji labarin masu zuba maganin ƙwari a ruwa su tsince abin da ya taso, su kai kasuwa mu saya. Alhali kuwa tun 1992 akwai dokar tarayya ta kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, wadda ta hana amfani da guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, in ban da wasu ragogi na musamman da aka keɓe domin kifayen da su dama ƙanana ne. Hikimar dokar ita ce dai maganar Baba, a daidaita kaya da kifin da ake nema, domin ƙarami ya wuce ya girma ya hayayyafa. Malaminmu na ilmin halittu, wanda nake hange a sahun gaba, shi ya koya mana a aji uku cewa uwar karfasa a cikin bakinta take renon ƙwanta har su ƙyanƙyashe. A lokacin don cin jarrabawa na haddace. Sai da na ciro wata daga ruwa na ga ƙwai cike da bakinta, sa'an nan na fahimci abin da Malam yake nufi, na mayar da ita da sauri. Tun daga ranar duk kifin da bai kai tafin hannuna ba, nakan jiƙa hannu in zare ƙugiya a hankali in sake shi. Malam, Allah ya saka da alheri, darasin ya makara amma ya iso.

Sai kuma kiyaye kai da kiyaye haƙƙin mutane. Ruwa yana da masu shi. Duk inda ka je, ka fara neman Sarkin Ruwa ko dattawan masunta ka gaishe su, ka tambayi inda aka yarda a yi fatsa, kada ka jefa ƙugiya inda wani ya kafa kalli ko mamari ko gura. Abin da yake nishaɗi a wurinka, tuwon gidan wani ne. Kada ka shiga ruwan da ke kwance da ƙafa ba takalmin roba, domin tsargiya daga irin wannan ruwa ake ɗaukarta, ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin ƙananan katantanwa ta huda fata. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ko na ɗansa ya tafi asibiti, akwai magani. Kada ka hau kwalekwalen da aka cika fiye da kima. Ba mu manta da abin da ya faru a ruwan Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda jirgi ya kife da mutane, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah ya jiƙansu, ya kiyaye na gaba.

Shugaba, kafin in zauna ina da roƙo guda biyu ga wannan ƙungiya. Na farko, a cikinmu akwai kansiloli da masu riƙe da sarauta da malaman gona da limamai. Maganar gidan sauro da guba a ruwa tana buƙatar bakinku, a majalisa da fada da masallaci. Na biyu, ina ba da shawara a ware Asabar guda bayan damina, mu ɗauki 'yan aji biyar da shida na makarantarmu mu kai su bakin ɗaya daga cikin madatsun nan, tare da malaminsu na ilmin halittu da masunta biyu ko uku, su ga kifin da suke zanawa a littafi, su ji sunansa da Hausa daga bakin masu shi. Sanduna da ƙugiyoyi ni zan kawo. Mota da abinci kuwa na bar wa Ma'aji.

Dattijon da ya koya mini duk wannan ya rasu a 2022. Bai taɓa shiga aji ba, amma ina lissafa shi cikin malamaina, ina kuma roƙon ku sa shi a addu'a. Game da jinina, likita ya ce ya daidaita, ko da yake ya gargaɗe ni kada in kuskura in bar magani saboda kifi. Uwargida kuma ta sami tarwaɗarta, da sandar gora da ƙugiya lamba 2, ta ce saura kuɗin atamfa.

'Yan ajinmu da ke shirin barin aiki, da waɗanda suka riga suka bari suna zaman dakali, ƙofata a Sabon Birni a buɗe take. Duk wanda ya zo ranar Asabar bayan sallar asuba, zai same ni ina haƙar tana a bayan gida.